Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ciwon Gaɓɓaina Ke Tashi Gab da Al'ada?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 34, kuma shekara huɗu ke nan da aka tabbatar mini ina da amosanin gaɓɓai irin wanda ake kira rumatoyid. Na lura duk sanda al'adata ta gabato, yatsuna kan kumbura su sandare da safe, har ɗaura zani da murɗa famfo su gagare ni, amma da ina ɗauke da cikin ɗana na biyu sai ciwon ya lafa kamar an ɗauke shi. Shin akwai alaƙa, ko kuwa zato ne kawai? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kika gani ba zato ba ne. Wannan ciwo yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta juya ta far wa gaɓɓai, kuma yana kama mata ninki biyu zuwa uku fiye da maza, abin da ya sa likitoci suka daɗe suna zargin sinadaran mata, wato estirojin da furojestaron. Bayan fitar ƙwai a tsakiyar zagayen al'ada, furojestaron kan yi sama, sannan su biyun su sauka 'yan kwanaki kafin jini ya zo, kuma a daidai wannan saukar ce mata da dama ke jin sandarewa da raɗaɗi sun ƙaru. Idan jinin yana zuba da yawa, ƙarancin jini kan ƙara musu gajiya.

Batun juna biyu ma tsohon labari ne. Tun 1938 wani likita a Amurka, Philip Hench, ya rubuta cewa ciwon kan lafa wa masu ciki, kuma bin diddigin wannan lura ne ya kai shi ga maganin kotizon, wanda ya ba shi kyautar Nobel a 1950. Sai dai sauƙin na aro ne, domin ciwon kan dawo da ƙarfi cikin watannin farko bayan haihuwa, lokacin da mai jego ke ganin ko sanyi ne ya shige ta wajen wanka.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar zuwan al'ada da tsawon lokacin da yatsunki ke ɗauka kafin su saki da safe, har wata uku, sannan ki kai wa likitanki. Kada ki maye gurbin maganinki na asali da ƙwayoyin kemis irin su dikilofenak ko firednisolon, domin na farko yana iya illata tumbi da ƙoda, na biyu kuma yana raunana ƙashi idan aka daɗe a kansa. Idan kuwa kina shan metotireksat kuma kina son sake haihuwa, ki sanar da likita tun kafin ciki ya shiga, saboda maganin yana illata ɗan tayi, alhali akwai wasu, irin su haidiroksikulorokwin, da ake ci gaba da sha ko da ciki.