Amsa: Me ake nema a gwajin ɗige-ɗigen kwamfuta?

'Yar'uwa, kin ce an sa wa ɗanki tabarau a asibitin ido, aka zaunar da shi gaban kwamfuta yana kallon ɗige-ɗige, kina tambayar amfanin hakan.

Ki miƙa babban yatsanki, ki rufe ido ɗaya, sannan ki sauya. Kin ga yatsan ya goce? Wannan ɗan bambancin ƙwaƙwalwa ke haɗawa ta gane nesa da kusa, kuma abin da gwajin ke dubawa ke nan. Tabarau ɗin yana ba kowane ido hotonsa daban, idan idanun suna aiki tare sai wata siffa ta taso daga cikin ɗigon. Wani masanin kimiyyar gani, Béla Julesz, ne ya fito da dabarar wajen 1960.

Ni dai na fi son gwajin kwamfuta a kan wanda ake bugawa a littafi. Tana canza ɗigon kowane zagaye, ta ƙara wuya idan yaro ya dace, ta sassauta idan ya kuskure, don haka hadda da canki-canka ba sa fisshe shi. A sakamakon gwajin, ƙaramin adadi ya fi kyau: babba mai lafiyar ido kan samu daƙiƙar kusurwa 40 ko ƙasa (ma'aunin ƙanƙantar bambancin da idanu ke iya ganewa ke nan). Idan na ɗanki ya haura sosai, a duba harara-garke ko raunin ido ɗaya yanzu, tun yana ƙarami magani ya fi kamawa.