Shin dole ne wanda ba Musulmi ba ya rufe gidan abincinsa a watan azumi?

Tambaya: Ni Kirista ce, ina da ƙaramin gidan abinci a Kano. Duk shekara idan azumi ya kusa sai a riƙa cewa Hisbah za ta rufe duk wanda ya dafa abinci da rana. Ƙanena kuma zai tafi aiki wata ƙasar Larabawa, an ce masa can ko ruwa ya sha a titi kama shi za a yi. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: 'Yar'uwa, tambayarki ta haɗa abin da addini ya wajabta da abin da hukumar kowace ƙasa ta mayar doka, kuma ba kullum suke tafiya tare ba. Ayar da ta wajabta azumi, wato ta 183 a Suratul Baƙara, da waɗanda suka yi imani take magana, ayoyi biyun da suka biyo ta kuma sun sauƙaƙa wa mara lafiya da matafiyi su sha azumi su rama daga baya. Saboda haka babu malamin da zai ce a tilasta miki kame baki, kuma a cikin Musulmi ma akwai masu uzurin cin abinci da rana, kamar mai haila, da mai jego, da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare. Inda malamai suka yi saɓani shi ne ko ya halatta Musulmi ya sayar wa wanda ba Musulmi ba abinci da rana. Wannan saɓani ya samo asali ne daga tsohuwar mas'alar nan ta ko rassan shari'a, wato hukunce-hukunce irin su salla da azumi, sun hau kan wanda bai musulunta ba, amma hukunci ne da ya shafi Musulmi mai sayarwa, bai shafi tukunyarki ba.

A Kano, kamar sauran jihohin Arewa da suka faɗaɗa aiki da shari'a bayan Zamfara ta fara a 1999, dokokin laifuka na shari'a kan Musulmi suke aiki, kuma sashe na 38 na tsarin mulkin Najeriya ya ba kowa 'yancin addininsa. Hukumar Hisbah ta Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, takan yi sintiri a kasuwanni da wuraren sayar da abinci a watan Ramadan. A 2024 ta kama mutum 11 da ta samu suna cin abinci da rana, ta sake su bayan sun yi alƙawarin ba za su sake ba, a 2025 kuma ta kama 25, biyar daga cikinsu masu sayar da abinci ne, ta ce za ta kai su kotun shari'a. A duka lokutan biyu jami'anta sun bayyana cewa ba ruwansu da wanda ba Musulmi ba, sai dai a 2024 kakakinta ya ƙara da cewa za su ɗauki mataki idan suka gano mutum yana dafa abinci yana sayar wa Musulmin da ya kamata a ce yana azumi.

Wannan sharaɗin ne ya fi shafarki, kuma a ganina yana da wuyar aiwatarwa, domin ba a rubuta addinin mutum a goshinsa, balle uzurinsa. Mai sayar da abinci ba ta da ikon tambayar duk wanda ya shigo ko Musulmi ne, idan kuma Musulmin ne ba za ta nemi ya kawo takardar asibiti ba, alhali yana iya kasancewa mai ciwon suga ne da likita ya hana shi azumi, ko direban da ya taso daga Legas. Shi ya sa unguwar da kike ta fi komai tasiri. A Sabon Gari, inda yawancin mazauna ba Musulmi ba ne, gidajen abinci suna buɗewa da rana kamar kullum. Idan kuwa shagonki yana cikin unguwar da kusan kowa ke azumi, shawarata ita ce ki shigar da kujeru ciki, ki saki labule a ƙofa, ki daina jera kuloli a bakin titi, ki fi ba da ƙarfi ga masu saye su tafi da shi. Ciniki ma da kansa komawa yamma yake yi, kuma duk wadda ta tanadi ƙosai da kunu kafin magariba ba za ta rasa masu saye ba. Idan aka zo miki da umarnin rufewa, ki nemi a nuna miki shi a rubuce cikin ladabi, sannan ki kai maganar ga shugabannin kasuwa ko lauya.

Batun ƙaninki kuwa ya dogara ne da ƙasar da zai sauka, domin a wasu ƙasashen Larabawa dokar ba ta duba addinin mai cin abincin, wurin da ya ci take dubawa. A Kuwait, doka mai lamba 44 ta 1968 ta tanadi tarar da ba ta wuce dinari 100 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko duka biyun, ga wanda ya ci ko ya sha a bainar jama'a da rana, ko da ba Musulmi ba ne. A Saudiyya ma'aikatar cikin gida ta sha gargaɗin baƙi waɗanda ba Musulmi ba cewa cin abinci a titi ko a wurin aiki a idon jama'a na iya jawo a soke kwangilarsu a mayar da su gida. Dubai ta sassauta sosai, domin a 2021 hukumominta sun janye sharaɗin da ke tilasta wa gidajen abinci su kare masu cin abinci da labule, yanzu kuma yawancin wuraren cin abinci na manyan kantuna da otal-otal a buɗe suke da rana. Maroko ta ɗauki wata hanya dabam: sashe na 222 na dokar laifukanta, mai ɗaurin wata ɗaya zuwa shida, ya taƙaita ne ga wanda aka san shi Musulmi ne.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da ke bin mutum ɗakinsa ta hana shi ci, kuma kantunan sayar da kayan masarufi suna buɗewa, don haka ba zai wuni da yunwa ba. Abin da zai guje wa shi ne ci da sha da shan taba a titi, ko a motar haya, ko cikin motarsa inda ake hango shi. Tun da irin waɗannan ƙa'idoji sukan sauya daga shekara zuwa shekara, ya tambayi kamfanin da ya ɗauke shi aiki tun kafin a ga wata, ya kuma nemi a nuna masa ɗakin da aka ware wa ma'aikatan da ba sa azumi, domin manyan ma'aikatu da yawa a can suna da irinsa.