Amsa ga 'yar'uwar da dasashinta yake janyewa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun daren jiya na karanta tambayarki, inda kika ce shekarunki 24, dasashin haƙoranki na ƙasa ya fara janyewa har haƙora biyu sun fi sauran tsawo, kuma kina neman maganin da zai mayar da naman inda yake. Na kasa wucewa ban tanka ba, domin a daidai waɗannan shekarun abin ya same ni, kuma irin wannan tambayar na yi ta kai wa mutanen da ba su dace ba har na ƙara wa kaina ciwo.

Zan fara da abin da ya fi ɗaci, saboda na so a ce wani ya faɗa mini shi tun da wuri. Naman dasashin da ya riga ya janye ba ya sake tsirowa da kansa, kuma babu gari ko mai ko jiƙon da zai dawo da shi. Abin da yake hannunki yanzu shi ne ki tsayar da shi inda ya tsaya, wannan kuwa mai yiwuwa ne ƙwarai, tunda nawa shekara huɗu ke nan bai ƙara motsawa ba.

Ni son farin haƙori ne ya jawo mini. Ana saura wata biyar bikina, na sayi wani baƙin gari a wajen wata mai sayar da kayan gyaran amare, wadda ta ce haɗin gawayi ne da gishiri da wasu itatuwa, in riƙa matsa lemon tsami a kai, in dirje da buroshi mai tauri sau uku a rana. Da na fara ganin jini a kumfa na kira ta, sai ta ce mataccen jini ne yake fita, alama ce maganin ya karɓe ni, in ƙara ƙaimi. Na kuwa ƙara, ina dirza gefe da gefe da dukkan ƙarfina kamar mai wanke gindin tukunya, har gashin buroshi yakan baje cikin mako biyu.

Ranar da ba zan manta ba ta zo ne cikin azumi. An kira sallar magariba, na kai kofin zoɓo mai ƙanƙara baki, sai na ji wani zugi ya tashi daga haƙoran gaba ya soke ni har tsakiyar kai, kofin ya suɓuce ya fashe a gaban mahaifiyata. Na shiga ɗaki na ja leɓena ƙasa a gaban madubi, na haska da fitilar waya, sai ga saiwar haƙora uku a waje, launinta rawaya-rawaya, kuma a wuyan ɗaya akwai wani ɗan rami wanda farcena yake maƙalewa a ciki. A daren nan ban iya cin komai ba sai kunu mai ɗumi, na kwana ina kuka ina ganin kamar kafin biki haƙoran za su zube. Washegari na aika wa matar hoto. Amsar da ta ba ni ita ce mutane da yawa sun yi amfani da garin ba su yi ƙorafi ba, wataƙila baki ne ya kama ni saboda hidimar biki, kuma tana da wani haɗin na tsiro da dasashi idan zan turo kuɗi. Da na ce mata ta cuce ni, sai ta toshe lambata. Har yau tana tallar wannan garin ga 'yan mata, kuma duk lokacin da na tuna da cewa ta ga jini a bakina ta ce in ci gaba, zuciyata takan yi zafi kamar yau abin ya faru. Na bar ta da Allah.

Likitar haƙorin da na gani daga baya ta sa wani siririn ƙarfe mai alamun milimita ta auna tsakanin kowane haƙori da namansa. Ta ce zurfin lafiyayyen wuri ba ya wuce milimita 3, nawa kuma bai wuce ba, wato ba cutar dasashi ce ta ci ni ba, dirza ce. Wannan bambancin yana da muhimmanci a gare ki, domin wani janyewar daga dattin da ya daskare a gindin haƙori yake zuwa, ya kumbura naman, ya riƙa cin ƙashin da yake riƙe da haƙorin a hankali ba tare da ciwo ba. Wata kuma gado ta yi na siririn dasashi, ko haƙorinta ya fito a karkace, ko tana cizon haƙora cikin barci. Babu wanda zai iya gane naki daga hoto a cikin wannan zaure. Ta kuma bayyana mini cewa saiwa ba ta da farin rufin nan mai ƙarfi da yake saman haƙori, akwai ƙananan kafofi a jikinta da suke kai wa jijiya, shi ya sa sanyi da tsami suke ratsawa, kuma shi ya sa take saurin ruɓewa.

Don Allah ki jefar da buroshi mai tauri yau, ki sayi mai laushi, ki riƙe shi da yatsu uku kamar alƙalami, ki karkata gashinsa wajen dasashi kina juyawa a hankali na minti biyu, safe da dare. Idan kin sha lemo ko tsamiya ko zoɓo, ki kurkure da ruwa ki jira kamar rabin awa kafin ki goge. Man goge baki na masu jin zugi, irin su Sensodyne, ya taimake ni, amma sai da na yi kusan mako uku ina amfani da shi kafin na ji sauƙi, kuma na daina kurkure baki da ruwa bayan na tofar domin maganin ya zauna.

Na ga wasu a nan suna ce miki kada ki yarda a yi miki wankin haƙori a asibiti, wai yana buɗe giɓi ya sa haƙori girgiɗi. Ni ma wannan maganar ta sa na ɓata wata biyu ina tsoro. Giɓin da ake gani bayan wanki dama yana nan, daskararren datti ne ya cike shi. Asuwaki kuwa ban daina ba, kuma ba zan ce ki daina ba, sai dai ki tauna bakinsa ya yi laushi sosai, ki goge daga dasashi zuwa bakin haƙori, kada ki zauna kina dirza wuri ɗaya kina hira. Tsinken tsintsiya da ashana da muke sakace da su suna yanka naman da yake tsakanin haƙora, zaren sakace ya fi. Idan akwai ciwon suga a gidanku ki auna naki, domin yana tsananta cutar dasashi, haka ma taba da shisha. Lokacin da na samu juna biyu dasashina ya kumbura yana jini, na tsorata ƙwarai, amma likita ta ce hakan yana faruwa ga masu ciki da yawa, kada in daina gogewa.

Ramin nan na wuyan haƙorina an cike shi da abin da ya yi kama da launin haƙori, cikin zama ɗaya. Akwai kuma aikin da ake yankar ɗan nama daga rufin baki a dasa a kan saiwar da ta fito, ƙwararrun likitocin dasashi suke yi, an fi samun su a sashen haƙori na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Ni an ce ba na buƙatarsa muddin abin bai ci gaba ba, shi ya sa nake komawa duk wata shida a sake aunawa. Ki ɗauki hoton wurin yau da haske mai kyau ki ajiye, ki tafi da shi tare da buroshinki da duk abin da kike goge baki da shi, ki nuna wa likita yadda kike gogewa. Allah Ya ba ki lafiya, idan kin dawo ki sanar da mu abin da aka auna.