Tartsatsi a bakin eriya: in sake rediyo ne?

Wani mai karatu daga Marwa ya rubuto: "Malam, ina da rediyon magana da nesa, na shimfiɗa eriyar waya ta zangon mita 40 a kan rufi. Tun da hunturu ya shigo ba na jin komai sai ƙaraf-ƙaraf, jiya ma na taɓa bakin wayar ta ja ni. Mai shago ya ce in sayi sabon rediyo mai tace ƙara. In saya?"

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna, rediyonka lafiyarsa ƙalau. Busasshiyar iskar hunturu da ƙurar da take kwasowa daga Sahara suna gogar wayar nan dare da rana, suna tara mata wuta, irin wadda bargo yake yi idan ka yaye shi cikin duhu. Wayar ba ta da hanyar zubarwa, sai wutar ta taru ta yi tsalle. Tsallen nan shi ne ƙarar da kake ji, kuma yakan ƙona ƙofar shigar sigina ko da rediyon sabo ne fil.

Maganin bai taka kara ya karya ba. Je wajen mai gyaran rediyo ka nemi rezista mai megawom 1, wat 2, a haɗa ta tsakanin cibiyar wayar da ta taso daga eriya zuwa rediyo da rigarta, wato saƙar ƙarfen da ta lulluɓe cibiyar. Wutar za ta riƙa tsiyayewa a hankali, sigina kuwa ba ta ma san da ita ba. Sannan ka kafa turken jan ƙarfe, kamar mita 2 da rabi, ka haɗa shi da rigar nan da waya mai kauri, gajeriya. Ƙasar Marwa da rani kamar dutse take, busasshiyar ƙasa kuma ba ta shan wuta da kyau, don haka ka kafa shi kusa da makwararar ruwan wanka. Idan gidan yana da nasa turken, haɗa su biyun.

Amma fa rezista ba ta tare aradu. Da ka ga hadari ya taso da damina, cire wayar eriya gaba ɗaya, ka ajiye bakinta nesa da rediyo.

Wani kuma daga Garwa ya ce tun da ya saka sola yake jin "zuuu" ba tsayawa, ko turke zai yi masa magani?

Da wuya, Alhaji. Taka ƙarar daga cikin gida take. Ɗora rediyon a kan batir, ka kashe inbata da ƙwayayen LED da cajar waya, sannan ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Sau da yawa cajar nan ce mai araha. Idan inbata ce, sayi zoben ferait, wato zoben da ke rage ƙarar da ke bin waya, ka naɗa wayoyinta a ciki zagaye biyar ko shida, ka kuma matsar da eriya nesa da faifan sola.