Shagalin Sallah bayan girgizar ƙasar Myanmar

Ɗan'uwa, kana tambaya ko ya dace ku tara iyali a Garwa ku yi shagalin ƙaramar Sallah, alhali girgizar ƙasar ranar Juma'a 28 ga Maris 2025 ta rushe masallatai a kan masu sallah a garuruwan Mandalay da Sagaing na Myanmar, sama da mutum 1,000 kuma sun rasu a faɗin ƙasar. Ya dace. Ku je Idi, ku sa wa yara sababbin kaya, ku ci tuwon Sallah. Ranar Idi ko azumi haramun ne, don haka farin cikinta ma ibada ce. Yaron da ya kwana yana duba takalminsa, in ka hana shi yawon Sallah, ko mutum ɗaya ba za a ciro daga ƙarƙashin gini ba saboda hakan.

Sharaɗina ɗaya ne: tausayin kada ya tsaya a baki. Lokacin da ambaliyar 2024 ta cinye gidaje a garin Yagwa da ke arewacin Kamaru, 'yan'uwanmu na can ba su nemi mu daina biki ba, shinkafa da tabarmi da gidan sauro suka nema. To ka rage wani abu daga kuɗin lemo da ɗinki, ka ba da ta hannun ƙungiyar agaji da ka amince da ita, ku kuma yi musu addu'a tare da yaran bayan an sauko daga Idi. Amma zakkar kono ka bar ta ga mabuƙatan unguwarku, ka fitar kafin sallar Idi.