Yaya zan duba aikin malamaina ba tare da sun ɗauke ni maƙiyi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ban daɗe da zama hedimasta a wata firamaren gwamnati ba, muna da malamai 14. Duk ranar da na shiga aji duba darasi sai malami ya rikice, wani har ya yi kwana biyu yana ɗaure mini fuska. Cikinsu akwai dattijon da ya koyar da ni a aji uku. Ƙarshen shekara kuma sai in cike wa kowa fom ɗin APER, wato rahoton auna aikin ma'aikaci na shekara, da yabo, don kada in tare masa ƙarin girma. Yaya zan auna aikinsu da gaske, har su ƙaru?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya taya ka riƙo. Tsoron nan da kake gani a fuskokinsu yana da asali. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari ba, aka sallame su. Labarin ya zaga Arewa kaf. Ko wane ra'ayi mutum yake da shi a kan matakin, malamin da ya ji an ce za a gwada shi abincin 'ya'yansa yake fara tunawa. Mai irin wannan fargabar ba zai nuna maka rauninsa ba, ɓoyewa zai yi.

Don haka ka fara da raba abu biyu da ka zuba a tukunya ɗaya. Akwai duban hukunci: APER, rajistar zuwa aiki, shaidar NCE ta kammala kwalejin ilimi da rajistar TRCN (hukumar yi wa malamai rajista), duk abin da SUBEB (hukumar ilimin matakin farko ta jiha) da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ke nema. Akwai kuma duban gyara, wanda tsakaninka ne da malami. Ka tara malaman ka faɗa musu da bakinka cewa abin da ka rubuta a duban gyara ba zai shiga fayil ɗin kowa ba, ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma fa ka riƙe alkawarin. Ranar da ka ɗauki raunin da malami ya yarda ya nuna maka ka yi masa takardar tuhuma da shi, babu wanda zai sake sakin jiki da kai.

Ka sanar da malami ranar da za ka shigo. Wasu na cewa shigar ba-zata ce ke nuna gaskiya. Ni ban yarda ba, sai dai in makara ko fashi kake bincike. Idan mutum ya shirya iya shirinsa kuma darasin bai shiga kan yara ba, ka gano ainihin inda yake buƙatar taimako. Ka zauna a bencin baya tun daga farkon darasi har a kaɗa ƙararrawa, kada ka sa baki, kuma yawancin lokacin idonka ya kasance a kan yara.

Na taɓa zama a wani aji huɗu mai yara sama da 80, wata malama tana koyar da rabi da kwata. Shirin darasinta tsaf, rubutun allo gwanin kyau, muryarta har baranda. Na riƙa yin ɗigo a takarda duk lokacin da ta ce "Kun gane?" Sau 11 ta faɗa, sau 11 aji ya amsa "Mun gane!" Tambayoyinta kuwa duk a benci biyu na gaba suka tsaya. Da aka tashi na kira yara biyar daga baya, na rubuta 1/2 da 1/4, na ce wanne ya fi girma. Huɗu suka nuna 1/4, wai ai huɗu ta fi biyu. A fom, malamar nan maki mafi girma za ta samu, alhali rabin ajinta a duhu suke.

Bayan an tashi muka zauna ƙarƙashin darbejiya mu biyu. Na fara tambayarta yadda ita ta ga darasin. Na yaba mata riƙon aji, don yara 80 su yi tsit ba ƙaramin aiki ba ne. Sannan na nuna mata ɗigona da amsar yaran nan biyar. Ta yi shiru, can ta ce, "Wallahi na ɗauka sun gane." Abu ɗaya tak muka tsayar: ta bar "Kun gane?", ta koma "Nuna mini", ta riƙa kiran suna daga baya. Bayan mako biyu na dawo na tarar kowane yaro da guntun takarda yana ninkewa biyu, yana ninkewa huɗu. Da na lissafa mata laifi goma a ranar, da ko ɗaya ba ta gyara ba. Komawar nan kuma ita ce aikin, domin malamanmu sun saba da mai duba makarantu da zai zo ya rubuta a littafin baƙi, ba a sake ganinsa sai baɗi.

Kada ka jera malamai bisa sakamakon jarabawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, to ina adalci a gwada mai 40 da mai 90? Ka gwada aji da kansa. Farkon zango ka zaɓi yara goma daga rajista ba tare da duba fuska ba, kowa ya karanta gajeren labarin Hausa na minti ɗaya, ka ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Ƙarshen zango ka maimaita da su.

Kada kuma ka yanke wa mutum hukunci da darasi ɗaya. Wani babban bincike da Gidauniyar Gates ta ɗauki nauyi a Amurka, wanda aka kammala a 2013 da malamai kusan 3,000, ya nuna an fi dogara da sakamakon duba idan an ga darasi fiye da ɗaya, kuma mai duban ya wuce mutum ɗaya. Ka sa mataimakinka a ciki, ka bar malamai su riƙa shiga ajin juna.

Batun dattijon malaminka kuwa, kada ka fara da shiga ajinsa da biro a hannu. Ka same shi ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce, "Malam, gobe zan ɗauki lissafin aji biyar, ina roƙon ka zo ka duba ni." Ka karɓi gyaransa a gaban sauran malamai, ka yi godiya. Daga nan ka nemi ya riƙa duba sababbin malamai biyu tare da kai. Idan lokacin shiga nasa ajin ya zo, zai same ka a matsayin abokin aiki.

In ka bi haka zango uku, APER ba zai ƙara ba ka wahala ba, domin ka ga wanda ya motsa da idonka. Wanda kuwa matsalarsa fashin aiki ce ko duka ko ƙin shiga aji, wannan na duban hukunci ne: ka yi masa gargaɗi a baki, ka bi da rubutu da kwanan wata, in bai daina ba ka kai maganarsa ofishin ilimi.