Kar ka taɓa afdet sai ka ga wayar mai agogo

Jiya ka tsare ni ina shirin rufe shago, wai agogon da matar nan ta kawo tunda ya yi afdet ya daina ƙirga bugun zuciya, ko ka yi masa risit, wato ka goge komai ya koma kamar sabo, ka sake ɗora sabuwar manhaja. Ban amsa maka ba, don da na buɗe baki a lokacin da sai ka ji babu daɗi. Ku yaran yanzu komai risit, komai fulashin. Kun kalli bidiyo biyu a YouTube kun zama injiniyoyi.

Zauna ka ji abin da wannan gaggawar ta taɓa ja mini, ni da na shekara sama da goma a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano.

Ƙarshen 2023 ne wani Alhaji ya shigo da Apple Watch Series 6, ɗan Landan, gefensa duk ya goge. Ya ce likita ne ya sa shi lura da bugun zuciyarsa, ga shi agogon ya daina rubutawa. Wayarsa iPhone X. Na duba, wayar ta ce babu sabon afdet. Sai wayo ya ɗebe ni. Na ce ya sa kalmar sirrinsa a raba agogon da wayar, na haɗa shi da tawa wayar, na ɗora a caji, na saukar masa da watchOS 10, sabuwar manhajar agogon Apple a lokacin. Ina ta jin kaina. Da na zo mayar da shi kan wayar Alhaji, sai ta ƙi karɓa. watchOS 10 sai wayar tana da manhajar iOS 17, iOS 17 kuma daga iPhone XS yake farawa. Ita X a iOS 16 aka bar ta, ba za ta ƙara gaba ba har abada. Shi kuma agogon Apple in ya hau, ba ya sauka. Babu kebul, babu kwamfuta, babu wani bokan fulashin a kasuwar nan da zai dawo maka da shi baya. Na zagaya layi uku ina tambaya, har wasu na dariya a bayana.

Alhaji ya ɗaga murya har mutane suka taru. Ya rantse na goge masa bayanan lafiyarsa na shekara guda, alhali bayanan suna cikin manhajar Health ta wayarsa, ko ɗaya bai ɓace ba. Na buɗe na nuna masa, ya kau da kai. Aka kai mu gaban manyan kasuwa, aka yanke in sayi agogon a kuɗin sabo. Ribar wata biyu ta tafi a yini ɗaya. Bayan sati, wani saurayi ya zo ya taya agogon rabin kuɗi, na sayar don in rage asara. Da zai gwada sai ya zaro iPhone 13, hoton Alhajin nan ne a fuskar wayar. Ɗansa ne. Ashe wayar da za ta karɓi agogon tana gidan tun farko. Har yau in na tuna, shayi ba ya yi mini daɗi.

Kuma ka san abin da ke damun agogon tun asali? An kashe Wrist Detection, wato abin da ke sa agogo ya gane yana kan hannu. In an kashe shi, agogon ba ya auna zuciya da kansa. Yatsa ɗaya ne gyaran. Low Power Mode, wato tsarin tanadin batir, in an kunna shi ma haka yake yi.

To agogon matar nan Galaxy Watch ne, wayarta kuma Infinix na gani. Waɗannan wayoyin sun iya kashe manhaja a bayan fage don su adana batir, kuma bayan afdet izinin da aka ba manhaja yakan koma yadda yake da farko. Ka shiga ka ba Samsung Health da Galaxy Wearable izininsu, ka cire su daga tsarin tanadin batir. In ta ce awon hawan jini ko ECG, wato awon lantarkin zuciya, take so, ka faɗa mata gaskiya: waɗannan sai da Samsung Health Monitor, shi kuma a wayar Samsung kaɗai yake aiki, kuma ba kowace ƙasa aka buɗe wa ba. Shi awon hawan jinin, ko yana aiki, sai an daidaita shi da na'urar awo ta asibiti duk bayan sati huɗu. Kar ka saka mata wata manhajar bayan gida da ka samo a Telegram, ranar da ta nuna mata ƙarya kai za ta kama.

Wani abin kuma ba gyara ba ne sam. Apple Watch Series 9 da Ultra 2 da aka sayar a Amurka daga Janairun 2024 an kashe musu awon iskar oksijin ta jini saboda shari'ar Apple da kamfanin Masimo. Lambar samfurinsu tana ƙarewa da LW/A. Sai a Agustan 2025 aka dawo da shi da watchOS 11.6.1, kuma sakamakon a waya yake fitowa, ba a agogo ba. In irinsa ya shigo hannunka, karanta lambar kafin ka ɗauko sukudireba.

Caji, Wi-Fi, goge bayan agogo, ɗaure maɗauri, ba zan ɓata yawuna a kansu ba. In ba ka san waɗannan ba, ka koma sayar da kwandon waya. Ka kira matar ta zo da wayarta da safe, kuma kar ka danna komai sai na iso.